Injin da Aka Haifa da Ɗingishi: Tarihin PRV V6

Idan ka taɓa tsayawa kusa da tsohuwar Peugeot 604 tana kunne, wataƙila ka ji injin yana kaɗawa kamar mai ɗingishi. Kada ka zargi bakanike. Da haka aka haife shi.

A 1971 ne Volvo ta Suwidin ta haɗa kai da Peugeot da Renault na Faransa don ƙera babban inji ɗaya da za su riƙa amfani da shi tare. Daga haruffan farko na sunayensu aka sami PRV. Da fari inji mai silinda takwas aka yi niyya. Sai rikicin man fetur na 1973 ya zo, farashi ya yi tashin gwauron zabo, aka jingine wannan buri. Wanda ya fito daga masana'antar Douvrin a 1974 mai silinda shida ne, lita 2.7, gangar jikinsa ta alminiyam, amma layukan silindarsa biyu na nan a kusurwar digiri 90, irin ta mai takwas.

To ina matsalar? Kirankshaf yana juyawa sau biyu, wato digiri 720, kafin kowace silinda ta kama wuta sau ɗaya. Raba wannan gida shida, ka ga kenan ana son wuta ta tashi duk bayan digiri 120. Shi kuwa PRV na farko, wutarsa kan tashi bayan digiri 90, sannan 150, sannan 90 kuma. Ɗingishin kenan. Sai a tsakiyar shekarun 1980 aka sake fasalin kirankshaf ɗin, bugun ya daidaita.

Amma abin da ya fi ci wa masu mota kuɗi daban ne. A injinan farko, hanyoyin da baƙin mai ke bi zuwa saman inji ƙanana ne. Da an yi sakaci da juye, sai datti ya toshe su, kamshaf ya cinye. Wanda ya kiyaye lokacin juye kuwa, injin kan yi masa ƙarko, domin sarƙa ce ke juya kamshaf ɗinsa, ba bel ba.

Duk da haka an ƙera kusan miliyan ɗaya kafin a daina a 1998. Saboda haka in ka ci karo da shi a garejin unguwarku, kada kaɗawar ta tsorata ka. Tambayi mai motar yaushe rabonsa da yin juye.