Ɗa'una: Annobar Ɓera da Ƙuma

Bahaushe yakan kira duk wata cuta mai kashe jama'a birjik da sunan annoba, ko sanƙarau ce ko agana. Malaman da kuwa ba su yi wannan kuɗin goro ba. Ibn Hajar al-Asƙalani, wanda ɗa'una ta kashe wa 'ya'ya mata a Masar, ya rarrabe a littafinsa cewa kowace ɗa'una annoba ce, amma ba kowace annoba ce ɗa'una ba. Alamarta ita ce kaluluwa mai zafi a matsematsi ko hammata.

Ita ce ta auka wa Daular Rumawa a 541, ta kuma share Turai da Arewacin Afirka daga 1347, har ta ɗauke mahaifan Ibn Khaldun a Tunis. Sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayarta a Hong Kong. Bayan shekara huɗu Simond ya nuna cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga ɓera zuwa mutum.

A Nijeriya ta ɓulla a Ikko cikin 1924, ba ta lafa ba sai 1931. Turawa suka rushe gidajen talakawa, suka kafa hukumar tsara birnin a 1928. A waɗannan shekarun ne dai dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa don kwasar auduga, ya haɗa rumbunan manoman ƙasar, har na Malumfashi, da tashar jiragen ruwan Ikko. Ɓera kuwa ba ya sayen tikiti.

Yau maganin kashe ƙwayoyin cuta yana warkar da ita in an hanzarta, amma ta sake kisa a Madagaska a 2017.