Sunayen da Ido Ya Raɗa wa Cututtukan Kifi

Mai kiwon kifin ado a akwatin gilashi ya san yadda annoba take shigowa. Jiya lafiya lau, yau kifi biyu suna goga jikinsu da duwatsun ƙasan ruwa, kafin jibi an fara kwashe gawa. Abin da yake fara nema shi ne sunan cutar, don ya san maganin da zai saya. Matsalar ita ce yawancin sunayen nan ido ne ya raɗa su, ido kuwa alama kaɗai yake gani.

A Ingila ana ce wa wadda ta fi yawa cutar farin ɗigo, saboda jikin kifin yakan yi kamar an barbaɗa masa gishiri. Amurkawa kuma suka gutsure sunanta na kimiyya suna cewa "ik". Cikakken sunan shi ne Ichthyophthirius multifiliis, wanda wani Bafaranshe mai suna Fouquet ya ba ta a 1876. Rabin farko daga harshen Girka ne, ma'anarsa ƙwarƙwatar kifi. Na biyu daga Latin, wato mai 'ya'ya da yawa. A ganina wannan sunan ya fi faɗin gaskiya, domin sirrin maganin yana cikinsa. Ɗigon da ake gani, halittar da ke haddasa cutar ce kwance a ƙarƙashin fatar kifi, inda magani ba ya isa gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwa. 'Ya'yan nan ne, lokacin da suke iyo suna neman kifin da za su hau, gishiri ko maganin malachite green yake kashewa. Shi ya sa wanda ya daina zuba magani don ya ga ɗigon ya ɓace, bayan kwana kaɗan sai ya ga ta dawo ninki. Ɗaga zafin ruwa zuwa digiri 30 a ma'aunin Selshiyos yana gaggauta wannan zagaye. A kula da kifi marar ɓawo irin dangin tarwaɗa, ba sa jure cikakken awon maganin.

Sunan da ya fi ɓatar da mutane shi ne "funfunar baki" ko "cutar auduga". Farin abu ne yake fitowa a leɓen kifi, kowa ya gani zai rantse funfuna ce. Alhali bakteriya ce, Flavobacterium columnare, wadda Herbert Davis ya bayyana a Amurka a 1922. Rabin sunan na biyu ya samo asali ne daga yadda a madubin likita ƙwayoyin suke taruwa su miƙe kamar ginshiƙai. Maganin funfuna ba ya yi mata komai. Abin takaici ma, zafi ƙarfi yake ƙara mata, don haka dabarar ɗumama ruwa da ta taimaka a farin ɗigo, a nan tana iya ƙarar da kifi cikin kwana biyu.

Kumburin cikin da ke sa ɓawon kifi ya miƙe tsaye ba cuta ɗaya ba ce. Alama ce ta cewa ruwa ya taru a jiki, galibi don ƙoda ta gaza.

Akwai kuma wadda ake kira ciwon sabon akwati, sunan da ya ɗora laifi a inda ya dace. Babu wata ƙwayar cuta a ciki. Kashin kifi yana zama amoniya, bakteriya masu amfani da ke matatar ruwa suna mayar da ita naitarait, sannan naitaret, amma a sabon akwati sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Naitarait yana mayar da jinin kifi ruwan ƙasa, ya kasa ɗaukar iska, sai ka gan shi a saman ruwa yana haki.

Don haka mai karatu, kafin ka tafi sayen magani da suna a baki, auna ruwanka tukuna. In amoniya ko naitarait ya wuce sifili, canza rabin ruwan da wanda aka cire wa kulorin.