Tarihin Tallafin Intanet ga Makarantun Gwamnati a Amurka

A shekarar 1994, kashi 35 cikin ɗari na makarantun gwamnati a Amurka ne kaɗai ke da intanet, kuma ko a cikinsu, sau da yawa layin yana tsayawa ne a ofis ko ɗakin karatu, domin azuzuwan da aka haɗa ba su wuce kashi 3 cikin ɗari ba. Dokar sadarwa ta 1996 ce ta haifar da shirin E-Rate, wanda ke yi wa makarantu da ɗakunan karatu rangwamen kashi 20 zuwa 90 cikin ɗari na kuɗin haɗi, gwargwadon yawan ɗaliban da suka cancanci abincin rana na tallafi, wato ma'aunin da ake gane talaucin yanki da shi. Kuɗin kuwa ana karɓarsu ne daga kamfanonin sadarwa, su kuma su ɗora wa masu amfani da waya, saboda haka talaka ne ya biya wani kaso ba tare da ya sani ba.

An ƙayyade asusun a dala biliyan 2.25 a shekara, kuma zuwa 2005 kashi 94 cikin ɗari na azuzuwa sun samu intanet. Sai dai haɗi daban, ƙarfinsa daban, domin layin da ya wadaci kwamfuta goma yana gazawa idan kowane ɗalibi ya buɗe bidiyo. A 2014 hukumar sadarwa ta FCC ta ɗaga asusun zuwa dala biliyan 3.9, ta kuma karkata ga Wi-Fi na cikin azuzuwa.