Kokawa, Dambe da Ɗori a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

Kokawa da dambe wasanni ne na kaka a yankin Jega, Aliero da Maiyama, kamar sauran ƙasar Gwandu da Kabi. Idan an kai gero da dawa rumbu, dare ya yi sanyi, sai makaɗa su fito dandali, samarin wani gari su tafi wani garin neman abokan karawa. Kokawa ta kowa ce, manomi da masunci duk suna shiga. Dambe kuwa an fi jingina shi ga mahauta, shi ya sa kalangu, kiɗan 'yan fawa, ya zama kiɗinsa.

Garuruwan nan sun san yaƙi tun kafin su san zaman lafiya. A ƙarshen 1803 dakarun Gobir suka auka wa Gimbana, mazaunin Malam Abdussalami da ke kusa da Jega, suka kwashe mutane, kuma wannan hari yana cikin abubuwan da suka tayar da jihadin 1804. Jega kanta Buhari ɗan Malam Abdussalami ne ya kafa ta a wajajen 1820, tare da jama'ar da suka sha gudun hijira bayan rasuwar mahaifinsa. Cikin ƙarnin ta zama babbar kasuwa, kuma duk inda kasuwa ta cika akwai mahauta da makaɗa da baƙi, wato abin da fagen dambe ke rayuwa a kansa.

Ba a shiga fage kai tsaye. Yaro yakan fara da bin wani gwani, yana ɗaukar masa jaka, yana kallon yadda ake naɗa zare a hannun duka, yadda ake miƙa ɗaya hannun gaba ya zama garkuwa, da yadda ake kafa ƙafa. Daga nan ne sunaye irin su Shagon wane da Autan wane suka fito, domin ɗan dambe yana ɗauke da sunan ubangidansa duk inda ya je. A kokawa ma darasin farko shi ne faɗuwa: yadda za a sha kaye ba tare da an dafa ƙasa da miƙaƙƙen hannu ba, a tashi, a kakkaɓe bante.

Wannan tsari yana da daraja da ba a cika faɗa ba. Wanda aka kayar a gaban garinsu da budurwarsa yakan fita da ciwo biyu, na jiki da na zuci. Faɗuwar gaba asarar namiji, in ji Hausawa, kuma iyayen gidan wasa sun ɗauki maganar da gaske. Ba su barin yaron da ya sha kashi ya ɓuya a ɗaki. Ana zama da shi, a ci abinci tare, sannan a haɗa shi da tsaransa har zuciyarsa ta dawo, makaɗi kuma ya sake kiran takensa a bainar jama'a. Laya da guru da kambu, ko me mutum ya yarda game da su, suna ƙara masa natsuwa lokacin da ya fuskanci abin da ya taɓa firgita shi.

Ciwon jiki kuwa, a nan ne Aliero ta yi suna, ban da albasarta. Ɗori gado ne a wasu gidaje na garin, har da sarautar Sarkin Ɗori, kuma ana kawo masu karaya daga jihohin maƙwabta da Jamhuriyar Nijar. Maɗori yakan fara da laluba wurin da yatsu don ya bambanta targaɗe da gocewar ƙashi da karaya. Mutum biyu ko uku su riƙe majinyaci, a ja gaɓar a daidaita ta, a shafa man shanu ko wani haɗin gidan, a jera ƙananan karare kewaye, a ɗaure da tsumma, a yi tofi. Bayan kwanaki a kwance a duba. Majinyaci yakan yi makonni a gidan tare da wasu irinsa, yana ganin wanda ya riga shi zuwa ya fara dogara sanda, kuma wannan gani kansa rabin magani ne. Sai dai likitocin ƙashi sun daɗe suna gargaɗi cewa ɗauri mai tsanani yana tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe, kuma karayar da ƙashi ya huda fata aikin asibiti ce. A yau yawancin masu zuwa ɗori haɗarin babur da mota ne ya kawo su.

Ƙarni na 20 ya fitar da wasannin daga dandalin ƙauye. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya ba kokawa da dambe babban fage, Nijar kuma ta fara gasar kokawa ta ƙasa ta neman takobi a Tawa a 1975. Dambe ya koma gidajen da ake shiga da tikiti, inda rundunonin Kudu, Arewa da Guramaɗa ke karawa, kuɗi ya ƙaru, zaman yaro da ubangida ya ragu.

A wasu ƙasashe an mayar da horo irin na dambe da kokawa hanyar tallafa wa waɗanda tashin hankali ya bar wa firgici. A 2000 Luke Dowdney ya kafa ƙungiyar Luta pela Paz a unguwar Maré ta birnin Rio a Brazil, inda ake haɗa damben zamani da karatu da ba da shawara. Abin da ake nema a irin waɗannan wurare shi ne sarrafa numfashi, mai koyarwa amintacce, da abokan horo, ba bugun kai ba, wanda shi kansa yana lahanta ƙwaƙwalwa. Batun ya shafi Jihar Kebbi kai tsaye tun bayan sace ɗaliban Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021. Kokawa, da yake babu duka a cikinta, ta fi dambe dacewa da yaran da suka ga irin wannan masifa, masu fama da rashin barci da razana mai tsanani kuwa wurinsu asibitin ƙwaƙwalwa ne, irin na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato.