Sanduƙin Alkawari a Ƙauyen Jerminyi

Yau za mu kai ka wani ɗan ƙauye a ƙasar Faransa, sunansa Jerminyi-de-Pre, kusa da kogin Luwar, gabas da birnin Orleyan. In ka bi ta wurin ba za ka ga abin tsayawa ba, sai gonaki da gidaje kaɗan. Amma akwai wani ɗakin sujada a can wanda aka keɓe a shekara ta 806.

Wanda ya gina shi Tiyodulf ne, bishop na Orleyan, mutumin ƙasar Sifen, mashawarcin Sarki Sharlaman. Malami ne ƙwarai. Shi ne ya umarci limaman ƙauyuka su buɗe makarantu, su koyar da yara ba da neman kuɗi ba, wannan kuwa ya sa nake ganin girmansa.

To, ga abin da ya kawo mu. In ka shiga ɗakin ka ɗaga kai bisa bagade, inda aka saba sa hoton Yesu, ba za ka gan shi ba. Sanduƙin alkawari za ka gani, da kerubobi biyu ƙanana a kansa, da manyan mala'iku biyu, da hannu yana saukowa daga sama. An yi shi da 'yan gutsattsarin gilas masu launi, waɗansu da ruwan zinariya, aka manna su ɗaya ɗaya.

Don me? Gama a zamanin nan Kirista suna gardama mai zafi a kan hotuna. A shekara ta 787 majalisar Nikiya ta yarda a girmama su. Da labari ya kai fadar Sharlaman cikin fassara marar kyau, sai suka ɗauka sujada ake nufi. Tiyodulf ya rubuta amsa mai tsawo, ya ce hoto yana da amfani don ado da tuni, amma sujada ta Allah ce kaɗai. Abin da ya rubuta a takarda, shi ya sa a bango.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Bayan rasuwar Sharlaman aka zarge shi da haɗa baki da masu tayar wa Sarki Luwi, aka tuɓe shi a 818, aka tsare shi a birnin Anje. Ya mutu a 821. Hoton kuma daga baya aka shafe shi da farar ƙasa, ya ɓuya, sai a ƙarni na 19 aka kankare aka same shi.