Gona a Fadama, Kwana a Tudu: Tsohon Lissafin Mutanen Gulbin Zamfara

Wanda ya tsaya a bakin gulbin Zamfara cikin watan Maris ba zai ga abin tsoro ba. Yashi ne shimfiɗe, sai ɗan ruwa kwance nan da can, masu lambu suna ban ruwa, yara suna tsallakawa da ƙafa. A irin wannan lokaci ne cinikin gida ko fili na bakin ruwa ya fi shiga rai. Kuɗinsa da sauƙi, rijiya ba ta zurfi, ga gona a bayan ɗaki. Magidancin da ke da 'ya'ya ƙanana yakan ga kamar tsuntsu ne daga sama gasasshe. Sai dai gulbin da aka gani a Maris ba shi ne gulbin Agusta ba, kuma mutanen wannan kwari sun daɗe da yin lissafin bambancin.

Yadda magabata suka raba ƙasa

Gulbin Zamfara yana gangarawa yamma, ya ratsa ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi, kafin ya shiga Jihar Kebbi ya haɗu da gulbin Sakkwato. Daga kudu kuma akwai gulbin Ka. Ruwa ne ya tara jama'a a nan tun asali. Bayan da Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara wajen shekarar 1762, sarautar Zamfarawa ta yi ta ƙaura daga gari zuwa gari, har ta zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. Duk inda aka sauka, ana neman abu biyu a tare: ruwan da za a rayu da shi, da tudun da za a kwana a kai.

Harshen kansa ya adana wannan tsari. Akwai fadama, inda ruwa ke malala da damina ya bar laka mai albarka, a shuka shinkafa, da rani kuma a yi albasa da rake da dankali. Akwai tudu, inda ake gero da dawa, inda ake kafa gida da rumbu da maƙabarta. Akwai kuma tunga, wadda asalinta zango ne na masunta ko manoma da ke zuwa aiki na wani lokaci su koma. Babba yana iya wuni a fadama, amma yaro a tudu yake kwana. Tazarar da ke tsakanin ƙofar gida da bakin ruwa ba asarar fili ba ce. Katanga ce da ba a gina da tubali ba.

An ƙarfafa wannan katanga da al'ada. Sarkin ruwa da masunta su ne suka san inda gurbi yake da inda ake tsallakawa. Labaran 'yan ruwa da ake ba yara da dare, ko me mutum ya ɗauke su, sun yi aikin da allon gargaɗi ke yi a yau: sun hana ɗan shekara biyar zuwa gulbi shi kaɗai.

Harajin da ruwa ke karɓa

Dalilin nisantar bai tsaya ga ambaliya ba. Kusantar ruwa tana da haraji, kuma ƙananan yara ne suka fi biyansa. Tsargiya tana fitowa daga ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwa mara gudu, ta shiga fatar yaro yana wanka, bayan wani lokaci a ga jini a fitsarinsa. Likitan Jamus Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, amma Hausawa sun riga sun san cutar da sunanta. Kurkunu yana zuwa ta ruwan kududdufi. Sauro yana hayayyafa inda ruwa ya kwanta. Baƙin ƙudan da ke jawo makanta kuwa ruwa mai gudu yake so, kuma a kwarin Volta, a Burkina Faso da arewacin Ghana, ya sa ƙauyuka da dama sun bar ƙasarsu mafi albarka sun koma tudu mai tsakuwa.

Ƙarni na 20 ya rage wannan haraji ƙwarai. Shirin yaƙi da makantar bakin rafi da aka fara a Afirka ta Yamma a 1974 ya sa an koma noma miliyoyin hekta da aka gudu aka bari, kuma tun 1987 ake ba da maganin Mectizan kyauta. Kurkunu, wanda aka ƙirga sama da mutum 650,000 masu fama da shi a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, ya ƙare, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasar shaidar rabuwa da shi a 2013. Tsargiya tana da magani da ake rabawa a makarantu. Wannan nasara ta gaskiya ce, amma ta zo da ruɗi: da cututtukan suka ja baya, sai aka ɗauka bakin ruwa ya zama kamar ko'ina. Alhali abubuwa biyu ba su da ƙwaya ko allura, wato nutsewa da ambaliya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka nutse a ruwa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Binciken da aka yi a ƙauyukan Bangladesh ya nuna cewa irin waɗannan yara ba a tsakiyar kogi suke mutuwa ba. Yawanci a ruwan da ke 'yan taku kaɗan daga gida ne, da hantsi, lokacin da uwa ke cikin aikin gida. Abin da ya rage mutuwar a can shi ne tara yaran unguwa wuri ɗaya a hannun mace guda mai lura da su a waɗannan sa'o'i.

Darasin 2010

Babu inda ya san yadda gida ke iya zama haɗari ga yaro kamar Anka da Bukkuyum. A Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara suna mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyuka. Farashin zinariya ya tashi a duniya, mutane suna kawo duwatsun ma'adinai cikin gida suna dakawa da niƙawa, suna wankewa a kududdufai, ba su san duwatsun cike suke da dalma ba. A Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, binciken hukumar CDC ta Amurka ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Jimillar yaran da suka rasu a yankin ta kai aƙalla 400. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, kuma Bagega ba ta samu nata aikin ba sai 2013.

Gubar dalma ba laifin gulbi ba ce, amma darasinta ya shafi duk mai zaɓen gida. Manya da yara suna zaune a gida ɗaya, amma ba duniya ɗaya suke ciki ba. Babba yana auna gida da tsawonsa: ɗakuna, kwano, ƙofa. Yaro yana rayuwa a ƙasa, yana rarrafe, yana kai hannu baki, yana bin duk abin da ke ƙyalli. Abin da bai taɓa uba ba yana iya ɗauke ɗa.

Komawar ruwa

A Agustan 2024 ruwa ya shiga garin Gummi ya shafi dubban gidaje. Ginin ƙasa ba ya buƙatar igiyar ruwa kafin ya faɗi, ya isa ruwa ya kwana a gindinsa. Bayan ambaliya kuma rijiya da masai sukan haɗu, amai da gudawa su biyo baya. A Satumbar wannan shekara, kwale-kwale ɗauke da manoma masu tsallakawa zuwa gonakinsu ya kife kusa da Gummi, gomman mutane suka rasu. Wannan ya nuna cewa tsohon tsarin ma yana da nasa farashi: wanda ya kwana nesa da gonarsa dole ya bi ta kan ruwa. Bambancin shi ne wa ke ɗaukar kasadar. A tsarin magabata baligi ne ke zuwa wurin ruwa da saninsa. A gidan bakin gulbi, ruwa ne ke zuwa wurin jariri da tsakar dare.

Ba kowa ke da zaɓi ba. Jama'a ta ƙaru, kuma hare-haren 'yan bindiga sun kori dubban iyalai daga ƙauyuka zuwa manyan garuruwa, inda filin da ya rage sau da yawa shi ne wanda magabata suka ƙi ginawa. Wanda ya gudo da ransa ba a yi masa wa'azin tudu. Amma wanda ke da kuɗi a hannu yana shawara, tarihi ya bar masa ma'auni. Takardar ciniki da shaidar mai unguwa suna tabbatar da cewa filin nasa ne, ba su tabbatar da cewa ruwa ya sallama shi ba. Gwanda a ga gida a Agusta kafin a biya, a duba layin danshi a jikin katangar maƙwabta, a tambayi dattijon unguwa inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa, ba bara kaɗai ba. A duba ko akwai hanyar fita zuwa tudu da mace mai goyo za ta iya bi cikin duhu, ko ƙofar gida tana kulluwa, ko rijiya tana da murfi, da kuma wanda zai sa ido kan yara da hantsi.

Idan wuri yana dab da tsohon gari, ƙasarsa na da kyau, amma shekara ɗari biyu babu wanda ya kafa ɗaki a kansa, ba mantuwa aka yi ba. Gulbin yana da haƙƙi a wurin, kuma yakan zo karɓa.