Yadda Yaƙe-yaƙe Suka Buɗe Ƙofofin Gidaje ga Ɗaliban Ƙetare

A kowace shekara dubban iyalai a Amurka da Turai suna karɓar matashin da ba su taɓa gani ba, su ba shi makwanci da mazauni a teburin cin abinci, ya yi wata goma yana zuwa makarantar sakandaren unguwarsu tamkar ɗan gida. Wannan al'ada ba ta cika shekara ɗari ba, kuma kusan kowane babban mataki da ta taka ya biyo bayan zubar da jini ne. Waɗanda suka assasa ta sun yi imani cewa ƙiyayya tsakanin al'ummai ta fi saurin mutuwa a cikin gida fiye da a zauren taro.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara gwada wannan tunani shi ne Donald Watt, wani Ba'amurke da ya kafa ƙungiyar Experiment in International Living a 1932. A shekarar farko ya kwashi samari 23 daga Amurka zuwa wani sansani a Suwizalan, domin su cuɗanya da takwarorinsu na Turai. Abin bai yi armashi ba, saboda kowane rukuni ya ware gefe guda yana hira da harshensa. A shekarar da ta biyo baya sai Watt ya sauya dabara, ya rarraba matasan ɗaya-ɗaya a gidajen iyalai. Yaron da ya tsinci kansa shi kaɗai a gidan da ba a jin harshensa, dole ya koyi gaisuwa, ya ci abin da aka dafa, ya gane abin da ke sa masu gidan dariya da abin da ke ɓata musu rai. Cikin waɗanda suka bi wannan shiri a shekarun farko har da Sargent Shriver, wanda ya zama shugaban farko na hukumar Peace Corps a 1961.

Ƙungiyar da ta fi yaɗa al'adar kuwa, wato AFS, asalinta ba ta da alaƙa da makaranta. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta kafu a Faransa, a matsayin rundunar 'yan sa-kai Amurkawa masu tuƙa motocin ɗaukar waɗanda suka jikkata a fagen daga. A Yaƙin Duniya na Biyu ta sake tashi ƙarƙashin jagorancin Stephen Galatti, kuma a watan Afrilun 1945 direbobinta na cikin waɗanda suka yi aikin kwashe mutanen da suka rage da rai a sansanin gwale-gwale na Bergen-Belsen a Jamus. Mutanen da suka ga irin wannan ta'asa da idonsu su ne suka yanke shawarar cewa kwasar majinyata bayan ɓarna ta auku bai wadatar ba. A 1947 suka kawo rukunin farko na ɗaliban sakandare kimanin hamsin zuwa Amurka.

Gwaji mafi nauyi ya zo a 1951, shekara shida kacal da ƙare yaƙi. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin kawo matasa 75 daga Jamus da Ostiriya zuwa jihar Michigan, aka nemi iyalan da za su riƙe su tsawon shekara guda. A garuruwan da aka sauke su akwai gidajen da suka rasa 'ya'ya a hannun sojojin Jamus, akwai magidantan da suka yi wannan yaƙi da kansu. Wata mata mai suna Rachel Andresen, wadda ke aiki da majalisar coci-coci ta birnin Ann Arbor, ita ce ta rungumi aikin, daga nan kuma aka samu ƙungiyar Youth For Understanding. Yaran sun tashi ne ƙarƙashin mulkin Hitler, kuma manufar ita ce su ga yadda ake gudanar da rayuwa a wani tsari dabam. Sai dai masu masaukin su ma sun koyi nasu darasin, domin wanda rediyo ya daɗe yana kira abokin gaba ya zama yaro mai kewar mahaifiyarsa a ɗakin da ke kusa da nasu.

Bayan rabin ƙarni aka sake bin wannan sawu. Hare-haren 11 ga Satumbar 2001 sun bar zargi da tsoro tsakanin Amurka da duniyar Musulmi, sai majalisar dokokin ƙasar ta kafa shirin YES a 2002, bisa ƙoƙarin sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar. An tsara shi ne domin ɗaliban sakandare daga ƙasashen da ke da Musulmi masu yawa, kuma ɗalibai sun fara isa a 2003. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka shiga, haka ma Ghana. Ta wannan hanya yara daga arewacin Nijeriya suka yi azumin Ramadan a ƙananan garuruwan jihar Iowa, a gidajen da ba a taɓa shimfiɗa darduma ba, masu gidan kuma suka koyi duba ko akwai naman alade a cikin abin da suka sayo.

Ginshiƙin tsarin a Amurka shi ne cewa ba a biyan mai masauki. Abin da doka ta yarje masa kawai shi ne ya cire dala 50 a kowane wata daga kuɗin shigar da ake lissafa masa haraji a kai, adadin da ba ya ciyar da matashi ko na mako guda. Hikimar ita ce yaron ya shigo a matsayin ɗan riƙo, domin da zarar kuɗi ya shiga tsakani ya koma ɗan haya.

Amma zo mu zauna, zo mu saɓa. Miƙa yaro ɗan shekara goma sha shida ga baƙin ido a wata nahiya amana ce mai nauyi, kuma an sha cin wannan amana. An samu rahotannin yaran da aka ci zarafinsu, da waɗanda aka jefa a gidajen da ba su dace ba saboda ƙarancin masu karɓa. Wannan ya sa a 2006 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta wajabta binciken tarihin aikata laifi na duk baligin da ke zaune a gidan da za a sauki ɗalibi, aka kuma ƙara tsaurara ƙa'idojin a 2010. Akwai kuma masu sukar cewa shirye-shiryen da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu hanya ce ta tallata manufofin Amurka, kuma gwamnatin ba ta taɓa ɓoye cewa tana kallon su a matsayin wani reshe na diflomasiyya ba.

Duk da haka, abin da Watt ya gano a 1933 bai sauya ba. Gwamnati na iya biyan kuɗin jirgi, ta bayar da biza, ta gindaya sharuɗɗa, amma nasarar shekarar ko rashinta tana hannun matar gidan da za ta lura cewa baƙonta bai taɓa abincinsa ba, ta zauna ta tambaye shi dalili.